Gonar da kike nomawa, taki ce?

Ƴan uwa mata, a wurin zubin asusu an sha jin mace ta ce "gonata", alhali gamana ce maigida ya yanka mata daga gandu. Kina da hakki a cikinta, amma na noma ne kawai: amfanin naki, ƙasar tasa. In aure ya mutu, ko ya rasu aka zo rabon gado, gamana na iya komawa.

Wadda ta saya, ko ta gada, ko aka yi mata kyauta, ita ce mai gona. Mai aro da mai haya ci kawai suke yi. Jingina kuwa, nan rigima take. Kin ba da jika hamsin kina noma, amma ran da mai gona ya maido kuɗinki, gona ta koma hannunsa, ko da shekara uku kika yi kina kai mata takin gida.

Daga dokar karkara ta 1993 aka samu hukumomin filaye, wato Kofo, har a ƙauyuka, inda maigari ke shugabanta. Saye, kyauta, aro, haya, jingina, kowanne da takardarsa. Kafin ki ɗauki bashin asusu don gona, je a rubuta wane iri ne naki, gaban shaidu, kuma ki tabbata sunanki aka sa, ba na maigida ba.