Tabon da ya ƙi tsayawa: abin da haske ke nunawa a fata

A zangon Salaga, Yendi da Bawku, ba baƙon abu ba ne a ga wanda huda kunne, tsagar wanzami ko ƙuna ta bar masa tabo mai tudu, yana ƙaiƙayi yana ƙara faɗi har ya wuce inda raunin ya tsaya. Likitoci na kiransa kiloyid, kuma ya fi kama baƙar fata. Tushensa kolajin ne, zaren furotin da ke riƙe fata, wanda jiki ke ci gaba da zubawa bayan rauni ya warke.

A ido, kiloyid kan yi kama da tabo mai kauri wanda ke lafawa da kansa, wani lokacin ma da wani nau'in kansar fata. Maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Kiloyid in aka yanke shi kawai, sau da yawa yakan dawo, har ya fi na da girma.

Idan likita ya yi shakka, sai ya ɗebi ɗan yankin fata ya aika ɗakin gwaji. Can ake yanka shi siriri, ana kuma iya rina shi da jan rinin Sirius, a ɗora a madubin likita tsakanin matatun haske biyu da aka gitta. Gittawar kan tare hasken, fili ya yi baƙi ƙirin. Amma kolajin, saboda zarensa a jere yake, yakan karkata hasken ya wuce, sai ya yi ƙyalli: mai kauri ja ko ruwan lemo, siriri kuma kore. Junqueira da abokan aikinsa a Brazil ne suka yaɗa wannan dabara a 1979.

Lafiyayyar fata saƙarta kamar tabarma take. A tabo mai kauri zaren kan kwanta a jere, a kiloyid kuwa damƙa-damƙa ne masu kauri, a hargitse. Launin dai bai isa hukunci shi kaɗai ba, domin kaurin yankan ma yana canza shi. Sai an haɗa da duban likita.

Matatun ba su da tsada, kuma samfur a ruwan fomalin, mai hana ruɓewa, zai kai Asibitin Koyarwa na Tamale bai lalace ba. Saboda haka mai irin wannan tabo ya ga likita kafin aska ta sake taɓa shi.