Nono, Madara, Dakashi da Zalla: Tasirin Kalma ga Zaɓin Abincin Jariri a Kafanchan

1.0 Gabatarwa

Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna, gari ne da ya bunƙasa tun da ya zama mahaɗar hanyar jirgin ƙasa. Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fulani duk da Hausa suke hulɗa da juna, kuma da ita ake yawan yi wa mata bayani a ɗakin awo. Ashe ke nan mai jegon da za ta zaɓi tsakanin shayarwa da madarar gwangwani, da kalmomin Hausa take auna shawararta, ko da Hausar ba harshenta na gado ba ne. Wannan maƙala za ta dubi kalmomi huɗu domin nuna yadda ma'anarsu ke iya karkatar da wannan zaɓi.

2.0 Nono da Madara

Kalmar nono tana ɗauke da ma'ana uku: gaɓar jikin mace, da ruwan da ke fita daga gare ta, da kuma nonon shanu mai tsami da matan Fulani ke talla a kasuwa. Madara kuwa ita ce wadda aka tatso yanzu, ba ta yi tsami ba, ba a kuma surka ta ba. Daga nan ne ta sami ma'anar tsantsa, kamar a madarar turare. To, da aka laƙaba wa garin gwangwani sunan madara, sai ya gaji darajar kalmar, alhali galibinsa nonon shanu ne da aka sarrafa, kuma babu sinadaran kariya daga cuta irin na nonon uwa a cikinsa. Dokar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1981 da dokar Nijeriya ta 1990 sun taƙaita tallarsa, amma ba su taɓa sunan da jama'a ke kiransa da shi ba.

3.0 Dakashi

Dakashi shi ne nonon farko, mai kauri da launin rawaya. A wasu gidaje akan ɗauke shi gurɓatacce, a matse a zubar, a ba jariri ruwa ko madara kafin "nono ya kawo". Wannan furuci kansa yana nuna cewa ba a lissafa dakashi cikin nono. A likitance kuwa shi ne rigakafin farko, shi ya sa ake son a sa jariri ga mama cikin sa'a guda da haihuwa.

4.0 Zalla

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da wata 6 na shayarwa ba tare da wani abu ba, aka kuma fassara wannan da "nono zalla". Matsalar ita ce a tunanin jama'a ruwa ba abinci ba ne, don haka uwa za ta iya cewa nono zalla take bayarwa alhali tana ɗura wa ɗanta ruwa, musamman da bazara. Ga shi kuwa kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran da ba su kai wata 6 ba ake shayarwa haka.

5.0 Kammalawa

Ba a musun cewa akwai halin da madarar gwangwani ke ceton rai, kamar idan uwa ta rasu ko ciwo mai tsanani ya hana ta shayarwa. Sai dai tana bukatar tafasasshen ruwa da tsabtar bulumboti da kuɗin saye a kai a kai. In aka tsinka ta don ta yi auki, tamowa ce ke biyo baya, in ruwan ba shi da tsabta, zawo. Saboda haka muna ba da shawarar masu fassarar saƙonnin lafiya su riƙa cewa "madadin nono" maimakon madara, "nonon farko" tare da dakashi, sannan "nono kaɗai, ko ruwa ban da shi" maimakon zalla. Ya kuma kamata manazarta su binciki takwarorin waɗannan kalmomi a harsunan Tyap da Jju da Hyam, domin a san abin da uwa ke ji a harshenta idan an yi mata magana da Hausa.