Jinkirin Tafiya ga Yara: Yaushe Ya Zama Abin Damuwa?

Daga Samaru har Sabon Gari, da zarar yaro ya cika shekara bai fara takawa ba, sai hankalin uwa ya tashi. Wasu su ce yawan goyo ne, wasu kuma su ce baki ne ya kama shi.

Alhali kuwa tafiya tana jiran ƙwaƙwalwa da tsoka da ƙashi su ƙosa ne, kuma kowane yaro da lokacinsa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006, wanda ya haɗa da yaran Gana, ya nuna cewa lafiyayyun yara kan fara tafiya tsakanin wata 8 da wata 18. Goyo kuwa, a ganina, ba shi da laifi.

Abin lura shi ne ƙashi. Ciwon laushin ƙashi yana jinkirta tafiya, kuma nazarin da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban tushensa a ƙasar nan. Yaron da aka yaye kan koko zalla, babu nono, yana cikin wannan haɗari.

Saboda haka wanda ya wuce wata 18 bai taka ba, ko ƙafafunsa suka lanƙwashe, ko wuyan hannunsa ya kumbura, a kai shi asibitin koyarwa na Shika, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.