Tsofaffin Fina-finai Uku da Bai Kamata Su Wuce Ka Ba

Kowace shekara wajen ƙarshen watan Yuni, birnin Bologna na Italiya kan yi bikin Il Cinema Ritrovato, inda galibin abin da ake haskawa tsofaffin fina-finai ne da aka tono daga ma'ajiya. Sai an wanke faifan, an ɗinke inda ya yage, an ɗauke shi hoto bayan hoto zuwa kwamfuta, kafin ya sake hawa majigi. Tun 2017 gidauniyar Martin Scorsese, da UNESCO, da ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka, suka ɗau alkawarin ceto fina-finan Afirka hamsin ta wannan hanya. Saboda haka yanzu akan ci karo da namu a irin waɗannan bukukuwa, kuma idan jadawali ya cika, dole mutum ya zaɓa.

Ni dai da Shaihu Umar zan fara. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihun. An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓata, har aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ya haura awa biyu, kuma ba ya gaggawa ko kaɗan. Wanda ya saba da fim ɗin waya zai fara gyangyaɗi. To, ya daure. Ayarin raƙuma na ratsa sahara, uwa na bin sawun ɗanta da bauta ta raba su: wannan sai babban allo. Ga kuma Hausar da ake yi a ciki, tsantsarta, ba gaurayen Turanci.

Na biyu La Noire de..., wanda Usman Sembene na Senegal ya yi a 1966. Kusan awa guda ne, baƙi da fari. Diouana ta bi iyayen gidanta Faransawa zuwa Antibes da zaton raino za ta yi, ta ƙare a wanke-wanke da goge-goge tsakanin bango huɗu. Ka sa ido kan fuskar katakon nan da ta ba su kyauta, yadda take rataye a falo.

Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, 1973, shi ne mai wuyar sha'ani. Mory na yawo a Dakar bisa babur mai ƙahonnin sa a goshi, shi da Anta ba su da zance sai Faris. Labarin tsalle yake yi, ba ya bin layi. Kuma tun a mintunan farko ake shiga kwata ana yanka shanu a gaban idonka, don haka mai raunin zuciya ya zauna kusa da ƙofa.