Ranar Masu Suga a Lafia

Kafin rana ta ɗaga, bencinan sun cika. Ranar ganin masu ciwon suga ce a wani asibiti da ke Lafia, kuma da wuya ka sami wanda ya karya kumallo a layin, domin gwajin safe da ciki wayam ake yin sa. Wasu 'yan gari ne, daga Bukan Sidi, Tudun Gwandara, Sabon Pegi da Shabu. Wasu sammako suka yi daga Doma, Agyaragu, Obi da Assakio, har da masu zuwa daga Keana da Awe, ƙasar gishiri. Barebari, Alago, Eggon, Gwandara, Migili, Fulani da Tibi, kowa da harshen gidansu, amma a kan benci Hausa ce ke haɗa su.

Hirar kuwa kusan duk ta hawan suga ce. Wannan nasa ya haura ɗari uku, waccan an raba ta da sakwara a garin da doya ke shigowa kasuwa mota-mota, wancan maƙwabcinsa aka yanke wa ƙafa. Tsoron yana da dalili. Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya kiyasta cewa kusan kashi 6 cikin 100 na 'yan Najeriya na ɗauke da ciwon. Abin da ba ka cika ji a hirar ba shi ne faɗuwar suga, alhali a kan bencin nan ma tana iya samun mutum. Dattijo ya sha ƙwayarsa da asuba kamar yadda ya saba, bai sa komai a ciki ba saboda gwaji, ya sha jijjigar hanya, har hantsi layi bai zo kansa ba. Shi ya sa nas ɗin da ta san aikinta, in ta ga tsoho ya yi shiru yana zufa, tambayarta guda ce: "Baba, kun sha magani yau? Kun ci wani abu?"

Likitoci na cewa suga ya faɗi idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, in kuma ya gaza 54 to abin ya zama na gaggawa. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, da sukarin da jini ke kawo mata a kowane lokaci take aiki. Hawan suga shekaru yake ɗauka yana ɓarna a ido da ƙoda da ƙafa. Faɗuwarsa kuwa cikin sa'a guda tana iya kwantar da mutum. Masu allurar insulin ne suka fi shiga haɗarin, sai masu shan glibenclamide, wanda a kemis aka fi sani da Daonil. Ƙwaya ce mai araha da ke daɗewa a jiki tana matsa wa sashen jikin da ke fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba, musamman ga tsofaffi da waɗanda ƙodarsu ta yi rauni. Metformin shi kaɗai bai cika jawo haka ba.

Rayuwar ƙasar Lafia na ƙara wa lamarin nauyi. Manomin da ya fita tada kunyar doya tun da duhu, yana ƙona sukarin jikinsa fiye da mai zaman ofis, amma ƙwayar da aka rubuta masa ba ta san yau ranar gona ba ce. Mai shan burkutu a kan yunwa ya hana hantarsa sako sukarin da za ta cece shi da shi. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana saukar da suga, haka ma kwinin. Ga kuma masu haɗa maganin asibiti da ruwan shuwaka ko garahuni ko wani haɗi na kwalba da ba wanda ya san abin da ke ciki, su kuma ɓoye wa likita don kada ya yi faɗa.

A ka'ida jiki yana da ƙararrawarsa. Hannu ya kama rawa, zufa ta keto, gaba ya riƙa faɗuwa, yunwa ta taso kamar ta kashe. Wanda ya san wannan sai ya nemi zaƙi nan take. Matsalar da ta fi damuna ita ce ta mutanen da wannan ƙararrawa ta daina kaɗa musu, kuma sau da yawa su ne dai waɗanda ke kukan ƙafa a kan benci.

Kukan ƙafar iri ɗaya ne ko daga wace unguwa mutum ya fito. Tafin ƙafa yana zafi da dare har a yaye zane. Wani abu yana yawo a yatsu. Takalmi ya zame a hanya ba a ji ba. Suga da ya daɗe a sama yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Jijiya mafi tsawo ita ke fara jin jiki, shi ya sa abin ke somawa daga yatsun ƙafa, duka biyun, yana hawa a hankali. Kusan rabin masu ciwon suga kan gamu da wannan a tsawon rayuwarsu. To ba jijiyoyin fata kaɗai ke lalacewa ba. Akwai waɗanda ke tafiyar da zufa, bugun zuciya da narkar da abinci ba tare da mutum ya sani ba. In suka taɓu, abinci na iya jinkiri a ciki alhali insulin ya riga ya fara aiki, alamomin gargaɗi kuma su dusashe. Yawan faɗuwar suga shi kansa yana sa jiki ya saba ya daina kuka, wasu magungunan hawan jini irin su propranolol kuma suna rufe bugun zuciyar da rawar hannun. Sai mutum ya wuce kai tsaye zuwa ruɗewa: ya yi ta maimaita magana, ya yi fushi ba dalili, harshe ya karye, ya faɗi. A gida sai a ce shanyewar ɓarin jiki ce, ko iska, ko a zarge shi da maye. Ana neman mai addu'a, alhali sukari na nan a kwano kusa da fulas ɗin shayi.

Akwai kuma akasin haka. Wanda jijiyoyinsa suka taɓu yakan ji jiri in ya miƙe tsaye, domin jini ba ya saurin hawa kai. Ya ɗauka suga ne ya faɗi, ya aika a sayo masa lemo, alhali sugansa na sama da ɗari biyu. A nan ji da zato ba sa raba gardama. Tun a 1938 wani likitan fiɗa Ba'amurke, Allen Whipple, ya tsara sharuɗɗa uku da har yau ake bi kafin a ce lallai faɗuwar suga ce: a ga alamomi, a gwada a lokacin a ga sukari ya yi ƙasa, sannan alamomin su wuce bayan an ɗaga shi. Sharaɗi na biyu ba a asibiti yake cika ba, a gida ne ko a gona, a daidai lokacin da abin ya zo.

Na'urar gwajin ta shiga gidaje da yawa a Lafia. Ɗa ya aiko da ita daga Abuja, ko an saya a kemis a kan hanyar Jos ko ta Makurdi. Sayen ta sau ɗaya ne. Abin da ke cin kuɗi shi ne sitirif, 'yar siririyar takardar da ake ɗiga wa jini, wadda ba a maimaita ta. Daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗinta ya bi dala. Sai mutane suka koma tattali: gwaji sau ɗaya da safe, ko sai ana jibi ranar asibiti, don a sami lamba mai kyau da za a nuna wa likita. A ganina wannan tattalin ne ke ɓoye haɗarin. Mai sitirif goma kacal zai fi cin riba in ya rarraba su: ɗaya kafin kwanciya, ɗaya bayan dawowa gona, wani dare ɗaya wajen ƙarfe uku, ya kuma ajiye biyu don ranar da jiki ya yi wani iri. Kowace lamba a rubuta ta a littafi da lokaci da abin da aka ci. Littafin nan ya fi gaya wa likita gaskiya fiye da gwajin safiyar asibiti. Hukumar inshorar lafiya ta jihar Nasarawa ma ya kamata ta ɗauki sitirif a matsayin magani ga mai allurar insulin, domin ba shi allura ba tare da abin gwaji ba rabin aiki ne.

Na'urar kuma tana da sharuɗɗanta. Yawancin sitirif ba a so ya zauna a wurin da zafi ya wuce digiri 30, ga shi ɗakin kwano a Lafia cikin Maris da Afrilu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Barin robar sitirif a buɗe da damina ma yana ɓata shi. A lokacin mangwaro, wanda ya taɓa ɗan itacen bai wanke hannu da sabulu ya bushe ba zai ga lamba ta yi sama, ya ƙara magani a kan ƙarya. Sannan na'urori iri biyu ne a kasuwa, masu lissafi daban: abin da wata za ta nuna 70, wata 3.9 za ta nuna, kuma sai an ninka ta biyun sau 18 ake samun ta farkon. Gidan da ke da baƙuwar na'ura ya tambayi nas wane lissafi take yi tun kafin ranar tashin hankali.

Ba kowace mutuwar ƙafa ce ta suga ba, ko da a jikin mai suga. Metformin da aka daɗe ana sha yana rage bitamin B12, rashinsa kuma yana kashe jijiya. Isoniazid na maganin tarin fuka yana yin haka, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Giya na yi, kuturta na yi. Tun a shekarun 1960 Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya danganta wani ciwon jijiya da yawan cin rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba, abin lura a ƙasar da ake noman rogo da yawa. Saboda haka mai kukan ƙafa yana da hakkin a cire masa takalmi a duba, a taɓa tafinsa da ɗan zaren roban nan na gwajin ji, a tambaye shi sauran magungunan da yake sha. Shi kuma a gida, alwala sau biyar dama ce ta duba tsakanin yatsu a goge su su bushe. Da hunturu kada ƙafar da ba ta ji ta kusanci kaskon wuta, kada kuma a tsoma ta ruwan da ba a gwada da gwiwar hannu ba.

Azumi na zuwa wa kowane gida a nan, na Ramadan da na coci. Likitoci da malaman da suka yi aiki tare kan azumin masu suga sun yi matsaya cewa huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi, kuma wanda ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ya sha ruwa nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba. Wanda ƙararrawarsa ta mutu yana cikin waɗanda ake ba shawarar kada su ɗauka. Ga shi kuma ana iya dawo da ƙararrawar: in likita ya sassauta magani aka yi makonni ba faɗuwa, alamomin kan dawo wa mutane da dama.

Abin yi in suga ya faɗi bai da tsada, amma sai matar gida da yara da abokin gona sun san shi, domin mai ciwon a lokacin ba ya cikin hayyacinsa. In yana iya haɗiya, a ba shi babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko ƙwayar sukari huɗu a ruwa, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo mai zaƙi. Bayan minti 15 a sake gwadawa, in bai haura 70 ba a maimaita, in ya haura a bi shi da abinci mai riƙe ciki. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefe, a nemi mota ko keke zuwa asibiti mafi kusa, a tafi da na'urar da littafin da kwalin duk maganin da yake sha, har da na gargajiya. In glibenclamide ne, ko ya farfaɗo ya nemi tafiya gida kada a biye masa, domin ƙwayar na nan a jininsa kuma sugan na iya sake faɗuwa kafin gari ya waye.