Dillalin Ƙirƙira: Sana'ar Da Ba A Koya Mana A Aji

Duk wanda ya taɓa zagayawa bayan wokshop ɗin sashen injiniya ya ga maƙabartar furojet. Injin ɓare gyaɗa, na'urar busar da tumatir, akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, duk sun yi tsatsa. An ba mai abin makinsa, ya tafi bautar ƙasa, shi ke nan. Kuma fa wasu daga ciki suna aiki sarai. Abin da suka rasa shi ne dillali, mutumin da zai ɗauki abin daga hannun wanda ya ƙirƙira ya kai gaban mai masana'anta. Wannan dillanci sana'a ce mai zaman kanta, kuma akwai wanda ake yawan ambata in ana maganar mafarinta.

Sunansa Niels Reimers, injiniya ne ɗan Amurka. Ya yi shekaru yana aiki a kamfanoni irin su Ampex da Philco-Ford kafin ya koma Jami'ar Stanford a 1968. Can ya tarar da malamai suna ta ƙirƙire-ƙirƙire, amma kuɗin da jami'ar ke samu daga ciki bai taka kara ya karya ba. Ya nemi a ba shi shekara ɗaya ya gwada. A shekarar ya shigo da dala 55,000, fiye da ninki goma na abin da aka tara a shekaru goma sha biyar da suka gabata. A 1970 aka buɗe masa ofis.

Dabararsa ba ta da wani sirri. Takardar mallakar ƙirƙira, wato shaidar da gwamnati ke bayarwa cewa babu mai ikon ƙera abinka ya sayar sai da izininka, ba ta kawo ko sisi in tana kwance a durowa. Don haka ya bar wa lauyoyi rubutun takarda, shi kuma ya kama neman kasuwa: buga waya, aika wasiƙa, a ce masa a'a, ya ƙara gaba. Lokacin da wani malamin kiɗa, John Chowning, ya gano hanyar haɗa sauti da kwamfuta, kamfanonin Amurka sun yi watsi da ita. Sai Yamaha na Japan ya karɓi lasisi, daga nan aka samu na'urar kiɗan nan DX7 a 1983.

Babban kamunsa a jarida ya tsinto shi. A 1974 ya karanta labarin binciken Stanley Cohen da Herbert Boyer kan haɗa ƙwayoyin gado. Sun riga sun wallafa sakamakon tun 1973, dokar Amurka kuma shekara ɗaya tak take ba mutum bayan wallafawa. Da ƙyar ya shawo kan Cohen, aka shigar da takardu a Nuwamba 1974, dab da cikar wa'adi. Kamfanoni sama da 400 suka karɓi lasisi, kuma kafin takardar ta ƙare a 1997 ta kawo wa Stanford da Jami'ar California sama da dala miliyan 250. Amma mallakar a ƙasashen waje ta riga ta kuɓuce, saboda wallafawar nan.

To, nan ne abin ya shafe mu. A Najeriya dokar 1970 ce ke aiki. Takardar na ɗaukar shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, ana biyan kuɗin sabuntawa duk shekara, kuma sharaɗin farko shi ne abin ya zama sabo, wanda ba a bayyana wa jama'a ba. Irin sassaucin shekara ɗaya na Amurka babu shi. Kenan ɗan'uwa, bidiyon da ka ɗora a TikTok kana bayanin cikin injinka dalla-dalla zai iya jawo maka asara. Ofishin rajista a Abuja ma cikar takardu yake dubawa, ba ya tantance ko abin sabo ne, sai an je kotu gaskiya ke fitowa.

Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike su shigar da buƙata, kuma tun 2006 take kafa ofisoshin kula da wannan harka a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha. Waɗannan ofisoshi mutane suke buƙata, kuma a ganina ɗan poli ya fi kowa dacewa. Ya san zanen injiniya, ya san farashin ƙarfe a kasuwa, zai iya zama da mai walda su fahimci juna.

Horon kuma tun yanzu yake farawa. Logbuk ɗin SIWES da wasunmu ke cikewa a daren da za a karɓa, shi ne ainihin aikin: rubuta me aka yi, ran yaushe, wa ya yi. In rigima ta tashi kan wanda ya ƙirƙiri abu, irin wannan rubutu ake nema. Wanda ya taso a shagon babansa yana rubuta bashi yana bin masu shi har su biya, ya riga ya iya rabin sana'ar. Sauran rabin karatu ne: yadda ake binciken takardun mallaka a shafin Google Patents, wanda kyauta ne, da yadda ake lissafin kason da mai ƙirƙira zai riƙa samu a kan kowane inji da aka sayar.