Dashen Haƙori Ga Dattawa

Baligi mai cikakken baki haƙora 32 gare shi. Amma a karkara dattawa da yawa sun rasa wasu daga cikin nasu. Wasu tsutsa ta cinye su, wasu ciwon dasashi ya sa sun yi girgiɗi sun zube, wasu kuma wanzami ya cire. Mutane kan ce ai tsufa ne. Yawanci kuwa ciwo ne aka bari har ya yi nisa.

Rashin haƙori ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya rasa turamensa ba ya iya tauna nama ko gyaɗa ko gasasshiyar masara. Goro ma sai ya nemi magogi. Daga nan sai ya koma kunu da koko da fura, jiki ya yi ta ramewa. Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani da wuri. Da zarar saiwar haƙori ta fita, ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da ita sai ya fara zaizayewa. Shi ya sa bakin mai wawulo yake shigewa ciki, kumatu su lotsa.

Hanyar cike giɓi da aka fi sani ita ce haƙoran roba, waɗanda ake sa wa da safe a cire da dare. Suna da sauƙin kuɗi, kuma suna taimakawa. Matsalarsu ita ce motsi a baki wajen cin abinci ko magana, musamman na ƙasa. Ba su kuma hana ƙashi zaizayewa.

To, akwai wata hanya da ake kira dashen haƙori. Kada a ɗauka haƙorin Makka ake nufi. Na Makka yawanci kwanso ne na ado da ake kifawa a kan haƙori. Dashe kuwa sabuwar saiwa ake kafawa a cikin ƙashi.

Wani likita ɗan ƙasar Siwidin mai suna Branemark shi ya gano dabarar. A shekarar 1952 yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, sai ya sa wani ɗan ƙarfe mai suna titaniyam a ƙashin ƙafar zomo. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙarfen ya ƙi fita, ƙashi ya kama shi gam kamar nasa. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe. Mutumin ya ci abinci da haƙoran nan shekara 40, har ya rasu a 2006 suna bakinsa.

Ga yadda ake yi. Da farko likitan haƙori zai duba baki, ya ɗauki hoton muƙamuƙi don ya ga ko ƙashin yana da kaurin da zai riƙe dashe. In ya gamsu, sai ya yi allurar kashe zafi a wurin, ya tsaga dasashi kaɗan, ya huda ƙashi, ya murɗa 'yar ƙusar titaniyam a ciki. Mutum yana farke ake yi, kuma yawanci ran nan yake komawa gida. Za a ɗan kumbura na 'yan kwanaki. Sai kuma jira, wata 3 zuwa wata 6, har ƙashi ya kama ƙusar, kamar yadda dashen itace ke buƙatar lokaci kafin ya yi saiwa. Bayan haka ne ake ɗora haƙorin tangaran a kanta, mai launin sauran haƙoran. Ba a cire shi da dare.

Wanda ya rasa haƙoransa duka ba sai an kafa masa ƙusa 32 ba. Ƙusa biyu a muƙamuƙin ƙasa sukan isa su riƙe jeren haƙoran roba su daina motsi. Ga tsoho, wannan ita ce sau da yawa ta fi dacewa.

Yawan shekaru ba ya hana dashe. Ana yi wa 'yan shekara 70 da 80. Yara ne ma ba a yi wa, sai ƙashinsu ya gama girma. Abin da likita ke dubawa shi ne lafiyar jiki. Mai ciwon suga wanda bai kiyaye magani ba, rauninsa ba ya warkewa da wuri, don haka sai sugan ya daidaita tukuna. Mai shan taba ya fi wanda ba ya sha haɗarin dashe ya ƙi kamawa. Mai ciwon dasashi sai an fara warkar da shi. Wanda giɓinsa ya daɗe ƙashi ya cinye, wani lokaci sai an ƙara masa ƙashi, aiki ya yi tsawo, kuɗi su ƙaru. Mai hawan jini, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda aka taɓa yi wa gashin ciwon daji a kai ko wuya, lalle su gaya wa likita. Ɓoye irin wannan cutar kai ne.

Sai maganar kuɗi, kuma nan ne gizo ke saƙa. Aikin yana da tsada ƙwarai. A Nijeriya haƙori ɗaya kan ci maƙudan kuɗi, ban da kuɗin mota na zuwa birni sau da yawa. Bai kamata manomi ya sayar da gona ko shanun huɗa saboda wannan ba, alhali haƙoran roba masu kyau za su iya biya masa bukata. Wanda 'ya'yansa ke da hali, sai su kai shi sashen haƙori na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba shi a ba shi shawara. A tambayi jimlar kuɗin tun daga farko har ƙarshe kafin a fara. Wannan ba aikin kemis ba ne, ba kuma na masu yawo da jaka a kasuwa ba.

Haƙorin dashe tsutsa ba ta cinsa, amma dasashin da ke kewaye da shi yana iya ruɓewa in aka bar datti, har ƙusar ta kwance. A riƙa goge shi safe da dare da burushi ko asuwaki mai laushi. Kada a fasa ƙashi ko a buɗe kwalba da shi. In aka ga jini, ko kumburi, ko wari, ko haƙorin ya fara motsi, a koma wurin likita cikin makon nan.